'Yar bishiyar bakin rafin Kagoro: ɗoɗɗoya ce ko wata aba daban?

Maman Ilham (Barnawa): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga hoton wata 'yar bishiya da maigidan ya zo min da ita daga wajen Kagoro, can kudancin Kaduna. Ya ce a bakin rafi ya gan ta, ƙarƙashin manyan itatuwa, ta yi shar da ita, ga 'yan furanni mitsi-mitsi a kan rassan. Tsawonta bai wuce ƙuguna ba. In aka murza ganyen yana da ƙamshi mai ƙarfi, ya so ya yi na ɗoɗɗoya amma ba shi ba ne sak. Na dasa ta a bokitin fenti a tsakar gida, ina ba ta ruwa safe da yamma, amma ganyen sai yaushi yake, bakinsa yana ƙonewa. Don Allah mece ce wannan, kuma yaya zan yi kar ta mutu? Hajiyar maigidan ma ta ce in tsinko mata ta dafa saboda mura, na ce ta ɗan dakata in tambaya.

Sadiq (Kawo): Wa alaikumus salam Anti. Ɗoɗɗoyar daji ce. A jefa a farfesun kayan ciki a wuce wurin.

Baba Tanimu mai fulawa: Kai Sadiq, ka bari. Hajiya, kafin a je ga suna, ceto ta tukuna. Na ga a hoton bokitin a kan siminti yake, kuma rana tana dukansa. Ɗauke shi yanzu ki kai bayan ɗaki ko gindin mangwaro in kuna da shi. Sannan ki duba ƙasan bokitin, an huda? Galibi ba a hudawa, ruwa ya kwanta, saiwa ta ruɓe, mutum yana ganin ganye ya yi yaushi ya ƙara ruwa, alhali ruwan ne ke kashe ta.

Maman Ilham (Barnawa): Huda ɗaya ce a tsakiya, Baba.

Baba Tanimu mai fulawa: Ƙara huɗu ko biyar da ƙusa mai zafi. Ki rage ganyen da rabi, ki datse kan rassan. Alhaji da ya tugo ta, rabin saiwar can ya baro a bakin rafi, to saiwar da ta rage ba za ta iya shayar da wannan ganyen duka ba.

Malam Nuhu (Malali): Hajiya, taimaka da abu uku. Ki murza karan tsakanin yatsu biyu ki ji, mulmulalle ne ko yana da kusurwa huɗu? Ganyen bibbiyu yake fita suna fuskantar juna ko ɗaiɗai? Sannan ko akwai 'ya'ya a jikinta, ki ɗauko su kusa-kusa.

Maman Ilham (Barnawa): Malam, karan na sama yana da kusurwa huɗu kam. Ganyen bibbiyu ne, amma a reshe ɗaya na ga uku-uku. Yana da gashi-gashi mai laushi, gefensa kamar haƙoran zarto. 'Ya'yan ga su nan, ruwan lemo, girmansu bai kai wake ba, suna da tsaga-tsaga a jiki. Na matse ɗaya, ruwa-ruwa ne, da 'yan ƙwayoyi a ciki.

Malam Nuhu (Malali): Madalla, 'ya'yan nan sun raba gardama. Ba ɗoɗɗoya ba ce, amma gidansu ɗaya. Masana suna kiranta Hoslundia opposita. Dangin su na'a-na'a da ɗoɗɗoya babban dangi ne, ya kai iri 7,000 a duniya, kuma galibinsu in fure ya faɗi, 'yar kwasfar da ke riƙe da shi sai ta bushe, 'yan ƙwayoyi huɗu su zauna a ciki. Duk wanda ya taɓa murza kan ɗoɗɗoyar da ta bushe ya ga baƙaƙen ƙwayoyi sun zubo, ya san abin da nake nufi. Ita wannan ta saɓa: kwasfar ba ta bushewa, kumbura take yi ta yi tsoka, ta koma ruwan lemo. Abin da kika matse ke nan. Tsuntsaye ke cinyewa su kai irin wani wuri, shi ya sa za ki same ta a gefen kurmi da bakin rafi da cikin sarƙaƙiya, inda tsuntsu ke sauka. Tana nan tun daga Senegal har Afirka ta Kudu da Madagaska. Wani masani a Denmak, Martin Vahl, shi ya rubuta ta a 1804.

Ladi (Sabon Tasha): Kai, Maman Ilham kin tuna min da gida. Wannan ai muna yara in za mu rafi ɗebo ruwa muna tsinkar 'ya'yan muna sha, da ɗan zaƙi-zaƙi. A wajenmu ba a ɗauke ta a bakin komai ba, ciyawar bakin hanyar rafi ce. Ban taɓa ganin wanda ya shuka ta a gida ba.

Sadiq (Kawo): To ai ga shi, Anti Ladi ta sha ba ta mutu ba. Kuma Malam ya ce gidansu ɗaya da na'a-na'a. A dafa wa Hajiya kawai.

Hauwa (ma'aikaciyar haɗa magani): Sadiq, a nan ne mutane ke shiga uku. Shan 'ya'ya biyu-uku a hanyar rafi daban, tafasa ganye cike da tukunya a bai wa dattijuwa daban. Kuma zama dangi ɗaya ba ya wanke kowa. A cikin na'a-na'a kanta akwai wata ta Turai, Mentha pulegium, man da ake tatsa daga gare ta yana lalata hanta, ya kashe mutane, musamman mata da suka sha don zubar da ciki. Ƙamshin da kuke ji a ganyen waɗannan tsirrai wani mai ne da ke cikin 'yan ƙulle-ƙulle a bayan ganye, tsiron yana yin sa ne don korar ƙwari da dabbobi, ba don shayinmu ba. Wani ya dace da mu, wani bai dace ba. Maman Ilham, Hajiya tana shan maganin hawan jini ko na suga?

Maman Ilham (Barnawa): Tana shan na hawan jini kullum.

Hauwa (ma'aikaciyar haɗa magani): To a bar ta da citta da lemon tsami da ta saba. Murar da ta wuce mako ko ta zo da zazzaɓi ko numfashi sama-sama, asibiti.

Malam Iliya mai magani (Kasuwar Barci): 'Yata Hauwa, ina jin ki, amma ku 'yan asibiti kullum kamar mu ba mu san komai ba. Kafin a gina asibiti ɗaya a Kaduna da me iyayenmu suka rayu? Ɗoɗɗoya muna ba da ita ga ciwon ciki da mura tun kaka da kakanni. Bunsurun fadama manoma suna shimfiɗa shi a rumbu don ƙwari kar su ci wake, ana turara shi don sauro. Malam Nuhu zai gaya miki duk dangin nan ne. Ita ma wannan ta hoton, mutanen kurmi suna amfani da ita, ba yau na fara jin labarinta ba.

Hauwa (ma'aikaciyar haɗa magani): Baba, Allah ya huci zuciyarka, ban raina sana'arku ba. Amma ka dubi misalin da ka kawo da bakinka: bunsurun fadama yana kashe ƙwaron wake. Wato akwai abu mai ƙarfi a ciki. Kai da ka gaji sana'ar ka san nawa ake ɗiba, ka san wanda ba a ba. Maman Ilham ba ta sani ba, jiya-jiya ta fara ganin bishiyar.

Malam Iliya mai magani (Kasuwar Barci): Wannan kuma gaskiya ne. Ni kaina abin da ban gada ba, ban ga an yi a gabana ba, ba na bayarwa. Kama da wane ba ta wane. Abin da ba na so shi ne a ce duk abin da ya fito daga daji guba ne sai Bature ya sa masa hannu.

Malam Nuhu (Malali): Malam Iliya, ita wannan an yi bincike a kanta sosai, kuma gaskiya ne ƙabilu da yawa a Afirka suna maganin rauni da zazzaɓi da tari da ita. Sai dai yawancin gwajin a ɗakin bincike aka yi shi da kan ɓeraye, wannan kuwa bai isa a ce wa mai hawan jini ga kofi nawa za ta sha ba.

Kuma bari in ƙara ja wa su Sadiq kunne, domin na san gobe wani zai fita yana murza kara yana neman kusurwa huɗu. Kun san lantana, wannan mai furanni ja da rawaya a dunƙule da ake shinge da ita, ta cika kangwaye a garin nan? Karanta kusurwa huɗu ne, ganyenta bibbiyu, tana da ƙamshi in an murza. Ba dangin na'a-na'a ba ce, kuma tana lalata hantar shanu, fatarsu ta riƙa saɓulewa in rana ta doke ta. Alama ɗaya ba ta isa ba. Wanda yake son tabbaci, ya yanko reshe mai fure da 'ya'ya, ya shimfiɗa tsakanin tsofaffin jaridu, ya danne da abu mai nauyi har ya bushe, ya rubuta inda ya samo da ranar, ya kai ɗakin ajiyar busassun tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Can za su gwada da wanda suke da shi.

Baba Tanimu mai fulawa: Ku dawo kan bokiti, bishiya tana mutuwa kuna gardamar magani. Ni dai abin da na sani, kayan kurmi ba sa son rana, shi ke nan. Duk wanda aka kawo min daga Kafanchan ko Kwoi, in bai shiga ƙarƙashin rumfa ba, ba ya kai labari.

Malam Nuhu (Malali): Baba, a nan zan ɗan saɓa maka. Ita wannan ba 'yar tsakiyar kurmi ba ce inda duhu yake, 'yar gefe ce. Inda ƙasa ke da laima tana jure rana sosai, har ta fi yin fure. Abin da ya faru shi ne wannan ɗin a inuwa ta tashi, to ganyen da ya tashi a inuwa faffaɗa ne, fatarsa ba kauri, an yi shi don kama ɗan hasken da ke ratsowa. In ka fito da shi tsakar gida rana ɗaya, ruwa yana fita daga jikinsa fiye da yadda saiwa ke kawowa. Sabon ganyen da za ta fitar a nan zai fi ƙanƙanta da kauri, shi zai iya da rana.

Baba Tanimu mai fulawa: To Malam ai maganarmu ɗaya ce, kai ka bi ta Kachia ni na bi ta Saminaka. Yanzu dai inuwa za ta shiga ko ba za ta shiga ba?

Malam Nuhu (Malali): Za ta shiga, Baba. Amma ba har abada ba. In ta yi sabon toho a riƙa matso da ita inda hantsi ke samunta.

Alhaji Garba (tsohon malamin daji): Ku duka kun bar babban abu, wato iska. Yanzu Nuwamba muke, hunturu ya kawo kai. Garin Kaduna ruwan da yake samu a shekara wajen milimita 1,200 ne, can gindin duwatsun Kagoro kuwa ya haura 1,500, saboda iskar damina in ta taso daga kudu maso yamma da duwatsun nan na gefen tsaunin Jos take fara karo, ta sauke ruwanta. Wannan ɗaya. Na biyu, kurmi da kansa yana riƙe laima. Wanda bai taɓa shiga ba ba zai gane ba. A watan Janairu kana tafe a fili leɓenka yana tsagewa, ciyawa ta bushe ƙamas, ka gangara rafi taku kaɗan sai ka ji iska ta sauya. Ka sa hannu ka ɗaga busasshen ganyen da ke ƙasa, na samansa yana ƙaras-ƙaras, na ƙarƙashi baƙi ne jiƙaƙƙe, ga fararen zaren naman gwari, ga tana, ga siraran saiwoyi kwance a cikinsa ba su ma shiga ƙasa ba. A wannan ruɓaɓɓen ganyen ƙananan tsirran suke ci suke sha. Sama kuma ga maɗaci, ga malmo, ga loko, ga kwakwar manja da tukurwa sun tare iska. Bokitin fenti a Barnawa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Maman Ilham (Barnawa): Alhaji, ke nan in haƙura?

Baba Tanimu mai fulawa: A'a. Amma kar ki dogara da uwar. Rassan da kika datse kar ki zubar. Zaɓi masu ɗan ƙwari, ba ɗanye sharaf ba, ba kuma wanda ya zama itace ba, tsawon ɗan yatsa da rabi. Yanka da reza daidai ƙarƙashin gaɓa, nan saiwa ke fita. Cire ganyen ƙasa, bar biyu a sama, su ma ki raba kowanne biyu. Haɗa yashin rafi da baƙar ƙasar gindin bishiya, kar ki sa kashin kaji, zai ƙone su. Soka, ki danna gefen da yatsa, ki ba da ruwa, sai ki yanke gindin robar ruwa ta lita ɗaya da rabi ki kifa a kai, murfin a buɗe. Za ki ga gumi yana taruwa a jikin robar, to kurminki ke nan. Dangin nan ba su da wuyar kamawa, mako biyu zuwa uku in kin ja a hankali kika ji ya riƙe, ya yi saiwa. Haka muke yi da fulawar nan mai ganye ja da kore da kuke saya a wajenmu, ita ma Malam ya taɓa ce min danginsu ce.

Malam Nuhu (Malali): Danginsu ce, Baba. Kuma 'yar'uwar rizga da tumuku ce ta kusa-kusa.

Ladi (Sabon Tasha): Rizga? Wadda muke ci? Malam kar ka sa ni dariya.

Malam Nuhu (Malali): Ita fa. In kin je gida ki duba karanta da yadda ganyen ke fita. Furenta rawaya ne, yakan fito bayan ganye ya zube. Ɗinya ma a shekarun 1990 masana suka dawo da ita cikin dangin, ita da malaina da itacen tik.

Alhaji Garba (tsohon malamin daji): Tik ɗin nan kuwa shi ne abin da nake so in yi magana a kai. Gandun Nimbia da ke kudancin jihar nan, tun 1957 aka fara dasa tik a wurin. Na Afaka nan kusa da mu 1954, aka zuba itacen turare da malaina da sauransu. Ba na kushe su, katako da turakun lantarki sun fito daga irin waɗannan gandaye. Amma ka shiga ƙarƙashin tik ka duba ƙasa. Ganyensa faffaɗa ne, da damina ya rufe haske, da rani ya zube gaba ɗaya ya bar ƙasa a rana, wuta ta zo ta lashe. Ƙananan tsirrai irin na Hajiya ba sa samun wurin zama. Shi ya sa in an sare kurmi aka ce ai an dasa wasu itatuwa a madadinsa, ni ba na karɓar wannan lissafin. Itace ka mayar, ba kurmi ba.

Musa (Rigasa): Alhaji, da girmanka, amma ku da kuke da fansho kuna iya maganar kurmi. Mai gawayi ba don mugunta yake sara ba. Je ka tambayi kuɗin cika tukunyar gas yau, ka ga dalilin da ya sa kowane gida ya koma kurfoti. Manomin citta kuma ƙasar bakin rafi yake nema saboda ita ce mai kyau. A ce masa ya bari saboda wata ciyawa mai 'ya'ya ruwan lemo?

Alhaji Garba (tsohon malamin daji): Musa, fanshon da kake gani bai kai buhun gawayi uku ba, bar wannan. Ban ce saboda ciyawa ba. Saiwar itatuwan bakin rafi ita ke riƙe gaɓar. In ka sare, damina biyu-uku gaɓar ta zabtare, yashi ya cike rafin, ruwan da ke kaiwa Maris ya ƙafe tun Disamba. Wa ya fara shan wahala? Shi manomin da matarsa mai ɗebo ruwa. Ita ciyawar alama ce kawai, in ka daina ganinta ka san laimar wurin ta tafi. Da muna aiki abin da muke roƙon mutane ke nan: yi gonarka, amma ka bar wa rafi gefensa.

Ladi (Sabon Tasha): Wannan na gani da idona. Rafin da nake faɗa muku, gefen da aka bar itatuwa har yanzu akwai ruwa da rani. Gefen da aka noma har bakin ruwa, yanzu sai an tona yashi. Amma Musa ma bai yi ƙarya ba, ƙanina da gawayin yake biyan kuɗin makarantar yaransa.

Musa (Rigasa): To ka ji. A samo wa mutane abin girki mai araha tukuna.

Alhaji Garba (tsohon malamin daji): A samo. Kafin nan mai sara ya sari na tudu, ya yi sassabe ya bar kututture ya sake toho, ya ƙyale na bakin ruwa. Wannan bai hana shi cin abinci ba.

Sadiq (Kawo): Ni duk wannan bai dame ni ba kamar maganar rizga. Anti Ladi, yaushe take fitowa? Rabona da ita tun ina firamare.

Ladi (Sabon Tasha): Yanzu ne lokacinta, daga ƙarshen damina zuwa farkon sanyi. Masu nomanta sun ragu, kowa ya koma citta da masara, amma ana samu a kasuwannin ƙauye. Zan je gida bikin Afan, bikin gargajiyar Kagoro, ranar 1 ga Janairu, in akwai saura zan taho da ita. Baba Tanimu, in na samo 'yan ƙanana na iri za ka gwada a buhu?

Baba Tanimu mai fulawa: Kawo. Amma ba yanzu za a binne ba, sai ruwa ya sauka. Ki zaɓo waɗanda fartanya ba ta sara ba, kar a wanke su, kar kuma a ƙulle su a leda. Kwando ko kwali, a zuba busasshen yashi a kai.

Sadiq (Kawo): Nawa kuma dafaffe nake so, Anti, ba na iri ba. Mudu biyu, zan turo kuɗin mota.